Laftof Ɗaya, Shekara Shida a Bakin Aiki: Nazarin Abin da Ya Gajiyar da Ita da Yadda Aka Farfaɗo da Ita

Kwamfutar da ake magana a kanta laftof ce irin ta ofis, mai fuska inci 14, an saye ta sabuwa a farkon 2019. A cikinta akwai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i5-8250U, RAM (inda take riƙe aikin da ake cikin yi) mai gigabait 8, ma'ajin SSD mai gigabait 256, da batir mai sel uku wanda aka rubuta wa ƙarfin 50 Wh, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Mai ita akanta ne, wato mai lissafin kuɗi. Aikinsa manyan jadawalan Excel, burauza mai shafuka da yawa a buɗe, wasiƙun imel, da taro ta bidiyo. Kwana biyar a mako tana kunne awa takwas zuwa tara, galibi a kan tebur da caja a jikinta, da yamma kuma a cikin jaka, wani lokaci a kan katifa idan aiki ya biyo shi gida.

A farkon 2025 ta iso teburin gyara, mai ita ya riga ya yanke mata hukunci cewa ta tsufa. Ƙorafinsa yana da yawa. Fanka ba ta yin shiru ko da ba a aikin komai. Ana tsakiyar taron bidiyo sai hoto ya dinga tsayawa. In an cire caja ba ta kai awa biyu, kuma takan mutu farat ɗaya alhali ma'auni na nuna saura kashi 30. Farantin linzami ya yi tauri, ba ya dannuwa sai da ƙarfi. Kusurwar hagu ta baya ta tsage, murfin yana ƙara idan an buɗe shi, fuskar kuma tana walƙiya a wani kusurwa. Agogo yana komawa baya duk lokacin da batir ya ƙare.

Idan aka jera su haka, sai a ga kamar matsaloli bakwai ne daban-daban da suka taru saboda shekaru. Binciken ya nuna ba haka ba ne. Mafi yawansu tushensu ɗaya, wato zafin da ya rasa hanyar fita tun wajen shekara ta uku, kowane lahani kuma ya riƙa jawo na gaba.

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya

Abu na farko da aka yi bai shafi gyara ba. An kwashe dukkan fayilolin mai ita zuwa wani ma'aji na waje, aka buɗe wasu daga ciki don tabbatar da cewa kwafin yana karantuwa. Sannan aka nemo makullin BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan ma'aji, wato lambobi 48 da Windows ke nema idan ta ga an canza wani abu a saitin BIOS (saitin da kwamfuta ke fara tashi da shi kafin Windows) ko an taɓa wani sashe na kwamfutar. Mai ita bai ma san ma'ajinsa a kulle yake ba. An samu makullin a asusunsa na Microsoft. Wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba ko kusa, domin in makullin ya ɓata, babu gwanin da zai iya buɗe bayanan.

Bayan haka sai awo. Gyaran da ba a auna kafinsa da bayansa ba, zato ne kawai. Umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton batir a Windows, kuma ya nuna cewa daga 50 Wh na asali, abin da batirin ke iya riƙewa yanzu 27 Wh ne, wato kashi 54 cikin ɗari. Adadin zagayen caji, wato sau nawa batirin ya cika ya sauka, 310 ne kacal. Manhajar HWiNFO ta nuna zafin furosesa yana tsakanin digiri 62 da 68 a ma'aunin Salshiyas alhali ba a aikin komai, da an ɗora mata aiki kuma cikin daƙiƙu kaɗan ya kai 99. Wannan furosesa iyakarta digiri 100 ce. Gudunta na asali 1.6 GHz ne, tana iya hawa har 3.4 idan akwai sanyi, amma a nan sai aka ga tana faɗowa zuwa 0.8 don ta ceci kanta daga ƙonewa. Tsayawar hoton bidiyo daga nan take.

Manhajar CrystalDiskInfo ta karanta lafiyar SSD: awanni kusan 13,000 a kunne, an rubuta masa terabait 41. Ma'ajin SSD masu girman gigabait 250 zuwa 256 da yawa ana ba su garantin rubutun terabait 150, saboda haka wannan bai kai ko sulusin rayuwarsa ba. Matsalarsa wata ce daban, saura gigabait 9 kawai ya cika.

Abin da aka tarar a ciki

An kashe kwamfutar, an cire caja, an kwance sukuran ƙasa. Sukuran laftof ba duk tsawonsu ɗaya ba, don haka aka zana hoton murfin ƙasa a takarda aka ɗora kowane sukuru a gurbinsa. Dogon sukuru idan ya shiga ramin gajere yakan huda wurin ɗora hannu ko ya taɓa fanel, allon da sassan lantarkin kwamfutar ke kansa. An ɓalle murfin da ɗan faifan roba, domin ƙarfe yana cin gefen roba kuma yana iya haɗa wuta. Da buɗewa, abu na farko shi ne zare soket ɗin batir daga babban fanel, sannan a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta rage ta fita.

Tsarin sanyaya laftof irin wannan abu uku ne. Akwai faranti da ke kwance a kan furosesa. Akwai bututun jan ƙarfe rufaffe mai ɗan ruwa a ciki, wanda ke zama tururi a gefen zafi, ya tafi ɗaya gefen ya huce ya koma ruwa, ya dawo. A ƙarshen bututun kuma akwai siraran faifan ƙarfe jere kusa da juna, fanka na hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, sauran biyun ba su da amfani.

Da aka ɗaga fankar, sai ga ƙura da zaren tufafi sun dunƙule a bakin faifan ƙarfen kamar ɗan bargo, sun toshe fiye da rabin hanyar iska. Daga waje ba a ganin wannan, domin yana ɓangaren ciki ne, tsakanin fanka da faifan. Shi ya sa hura iska daga waje ba ya wadatarwa. Sau da yawa ma ƙara tura dunƙulen ciki yake yi, ya maƙale a fukafukan fanka. An ciro shi da hantsaki, an goge fukafukan da burushi mai laushi, aka hura iska daga ciki zuwa waje. Lokacin hurawar an riƙe fankar da yatsa. In aka bar iska mai ƙarfi ta juya ta fiye da gudunta, gindinta yana lalacewa, kuma motarta na iya mayar da wuta cikin fanel.

Zaren tufafin nan shaida ne na aiki a kan katifa da kujera mai laushi. Wannan laftof ta ƙasa take shaƙar iska, ƙafafunta na roba ne ke ɗaga ta 'yan milimita daga tebur. Biyu daga cikin ƙafafun sun ɓalle tuntuni ba a mayar ba, don haka ko a kan tebur ma numfashinta ya ragu.

Sai man ɗaukar zafi da ke tsakanin furosesa da farantin. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin fuskokin biyu, domin iska ba ta wuce da zafi yadda ya kamata. Bayan shekara shida na ɗumama da hucewa kullum, man ya bushe ya tsattsage, wani kuma ya tsere zuwa gefe ya bar tsakiya fayau. An kwance sukuran farantin bi da bi bisa lambobin da aka buga a jikinsa, aka goge tsohon man da sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, da ƙyallen da ba ya barin zare. Furosesar laftof ba ta da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur. Ƙwayar silikon ɗin a fili take. Saboda haka dole man ya rufe fuskarta gaba ɗaya, siriri, ba tare da barin ko kusurwa ɗaya ba. A wannan furosesa ƙwayoyi biyu ne a jere, kuma daidai shi ne a sa mai inda masana'anta suka sa kawai. Inda aka tarar da ɗan faifai mai laushi a maimakon mai, a bar shi ko a musanya shi da mai kauri iri ɗaya. In aka sa wanda ya fi shi kauri, zai ɗaga farantin daga kan furosesa, gyara ya koma ɓarna. Ana mayar da sukuran ne kaɗan-kaɗan, a bi lamba 1 zuwa ta ƙarshe sau biyu ko uku, don nauyin ya sauka daidai kada ƙwayar ta fashe.

Akwai masu sha'awar ruwan ƙarfe a maimakon mai saboda ya fi ɗaukar zafi. A kwamfutar aiki da ake sa wa a jaka kullum, wannan ganganci ne: yana wuce da wutar lantarki, yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a kan fanel ya isa ya kashe ta.

Batirin da zama ya kashe

Batirin ya kumbura, sel na tsakiya ya fi sauran tashi. Shi ne ke tura farantin linzami daga ƙasa har ya hana shi dannuwa, shi ne kuma ya ɗan ɗaga murfin ƙasa. Duk laftof ɗin da linzaminta ya yi tauri haka kawai, ko ta fara rawa a kan tebur mai lebur, a fara zargin batir kafin komai.

Abin lura shi ne adadin zagayen. Batirin litiyam na laftof yawanci ana sa ran ya yi zagaye 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya sauko zuwa wajen kashi 80. Wannan ya yi 310 amma ya sauko 54, har da kumburi. Ke nan ba yawan amfani ne ya cinye shi ba. Batirin litiyam yana tsufa ta hanya biyu: ta caji da saukewa, da kuma ta zama kawai. Tsufan zama yana sauri idan abu biyu suka haɗu, cikar caji da zafi. Kowane sel na wannan batir yana aiki a kan bolt 3.8, idan ya cika kuma yana kaiwa 4.35. A wannan matsayi na sama ruwan sinadarin da ke ciki yana ruɓewa a hankali yana fitar da iskar gas, zafi kuma yana hanzarta ruɓewar. Jakar sel ɗin a rufe take ruf, gas ba shi da mafita, sai ya kumbura ta. Wannan kwamfuta ta shekara shida galibi a kashi 100, a jone da caja, a shekarun ƙarshe kuma kusa da furosesar da ba ta sauka ƙasa da digiri 60. Da wuya a samu yanayin da ya fi wannan cutar da batir.

Mutuwar farat ɗaya a kashi 30 ita ma tana da bayani. Sel ukun a jere suke, don haka mafi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Tsohon sel yana da turjiya mai yawa a cikinsa. Da furosesa ta ja wuta da ƙarfi sai bolt ɗinsa ya faɗi ƙasa da iyaka, na'urar kariyar batir ta yanke wuta nan take, ko da lissafin Windows na cewa da saura.

Batirin da ya kumbura ba a gyara shi. Ba a danna shi, ba a huda shi don "a fitar da iskar", ba a ci gaba da yi masa caji. An sauke cajinsa gwargwadon iko kafin a buɗe, aka kwance sukuransa aka ɗaga shi ba tare da lanƙwasawa ba, aka liƙe bakin soket ɗinsa da tef, aka ajiye shi a wurin da ba abin da zai kama da wuta, kafin a kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura. Kwandon shara ba wurinsa ba ne.

Wajen sayen sabo, lambar da ke jikin tsohon batirin ake bi, domin samfurin laftof ɗaya yakan zo da batura iri biyu ko uku. A duba bolt ya yi daidai, a nan 11.4, a duba kuma ranar ƙira. Batirin da ya shekara uku a sito ya riga ya fara tsufa ko da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. Bayan an sa sabon, aka cika shi, aka bar shi ya sauka har kwamfutar ta kashe kanta, aka sake cikawa. Wannan ba ya ƙara wa batir ƙarfi, ma'aunin kawai yake daidaitawa.

Gyaran da ya fi muhimmanci kuwa saiti ne da ba ya cin minti biyu: an sa iyakar caji a kashi 80. Yawancin laftof na ofis suna da wannan, ko dai a BIOS ko a manhajar masana'anta, irin su Lenovo Vantage, Dell Power Manager da MyASUS. Ga wanda kwamfutarsa ke wuni a kan tebur, babu dalilin barin ta a 100. Ranar tafiya sai a ɗage iyakar a cika ta.

Hinji da wayar fuska

Tsagewar kusurwar hagu ita ce ta fi kusa da kashe kwamfutar, ko da yake mai ita ya ɗauke ta a matsayin muni kawai. Hinjin laftof ƙarfe ne, an ɗaure shi da sukurai cikin ƙananan noti na tagulla da aka dasa a roba. Da shekaru, man cikin hinjin yana bushewa, ƙura ta shiga, ya yi tauri. Ƙarfen ba kasafai yake karyewa ba. Robar da ke riƙe da notin ce ke ɗaukar wahalar duk buɗewa da rufewa. A nan hinjin hagu yana dab da mafitar iska mai zafi, robar wurin ta gasu ta yi gautsi. Mai ita kuma ya saba buɗe murfin daga kusurwa ɗaya da hannu ɗaya, abin da ke murɗa shi. Biyu daga cikin noti ukun sun tumɓuke.

An sassauta notin da ke kan sandar hinjin da kwatan zagaye, aka ɗiga masa mai kaɗan, har murfin ya zama yana buɗuwa da sauƙi amma yana tsayawa inda aka bar shi. In ba a yi wannan ba, duk abin da aka liƙa zai sake ɓallewa. Sannan aka mayar da notin tagullar gurbinsu da gam mai haɗi biyu, irin wanda ake cakuɗawa, bayan an shafa wa zaren sukuran ɗan man jeli don kada gam ya kama su. An bar shi awa 24 kafin a motsa murfin. Wannan gyara yana riƙewa, amma musanya ɓangaren robar gaba ɗaya ya fi shi ƙarko idan ana samunsa.

Walƙiyar fuska ta samo asali daga nan. Wayar da ke kai hoto daga fanel zuwa fuska, mai ƙafa 30, ta cikin hinjin take wucewa. Da hinjin ya saki, sai ya riƙa matse ta. Gwajin mai sauƙi ne: an jona wata fuska ta HDMI, hoto ya tsaya cak, ke nan sashen hoto na furosesa lafiya yake, an motsa murfin, walƙiyar ta canza da kusurwa, ke nan waya ce. An musanya ta. Dole batir ya kasance a cire yayin wannan aiki, domin akwai wuta a wasu ƙafafun wayar ko kwamfutar na kashe, kuskure kaɗan kuma yana ƙona fis ɗin hasken fuska.

Nauyin da ba na zafi ba

Bayan an magance zafi, sauran nauyin ya fito fili. Gigabait 8 na RAM sun wadatar a 2019, amma manhajojin taro da burauza sun ƙara ci tun daga lokacin. Task Manager, shafin Windows mai nuna aikin da kwamfuta ke yi, ya nuna RAM na cika fiye da kashi 90 a aikin yau da kullum, Windows kuma tana juye rarar zuwa SSD, wanda shi ma ya kusa cika. SSD yana buƙatar fili don jujjuya bayanai a cikinsa. Idan abin da ya rage ya gaza kashi 10 zuwa 20, rubutunsa yana ja baya.

Sa'ar da aka ci ita ce akwai gurbin RAM guda a buɗe. An ƙara gigabait 8 na DDR4 irin na laftof, mai ƙafa 260 da bolt 1.2, gudunsa 2400 daidai da na ciki. Ribar biyu ce: fili ya ninka, kuma RAM biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda, abin da ke taimakon sashen hoto na furosesa, wato UHD 620, tunda ba shi da RAM nasa, na kwamfutar yake ara. An kuma sa SSD mai terabait 1, nau'in NVMe mai sauri, girman M.2 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. Kafin saye an tabbatar gurbin yana karɓar NVMe, domin wasu gurabun M.2 tsohon nau'in SATA kaɗai suke ɗauka, kuma a ido kusan iri ɗaya ne. Tsohon SSD ɗin an sa shi a ƙaramin gida na USB ya zama ma'ajin kwafi.

Maimakon a kwafe tsohuwar Windows da tarkacen shekara shida, an sa Windows 11 sabuwa fil. A lokacin Microsoft ta riga ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar da Windows 10 za ta daina samun sabuntawar tsaro ta yau da kullum, kwamfutar da ke riƙe da bayanan kuɗin mutane kuwa ba ta da hurumin zama ba tsaro. Windows 11 tana neman sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a furosesoshin Intel ta fara karɓa ne daga zuriya ta 8, in ban da 'yan kaɗan. Wannan kwamfuta da ƙyar ta tsallake, tunda furosesarta ta zuriya ta 8 ce. Da ta zuriya ta 7 aka saya, duk da lafiyar jikinta, da zaɓin da ya rage shi ne Linux, irin su Ubuntu ko Mint, ko kuma sabuwar kwamfuta idan manhajar aikin ba ta gudana sai a Windows.

Wani ƙaramin abu da aka gano: mai ita yana kashe kwamfutar kullum, amma Task Manager ya nuna ta yi makonni ba ta tashi sabuwa ba. Dalili shi ne saitin Fast Startup, wanda ke adana zuciyar Windows a ma'aji lokacin kashewa ya dawo da ita yadda take. Restart ne kaɗai ke wanke komai. An shawarce shi ya riƙa yin sa sau ɗaya a mako.

Caja da ƙananan abubuwa

Cajar asali mai wat 65 ce, bolt 20 da amfiya 3.25 ta USB-C. Wayarta ta tsinke a wuya shekara biyu da suka wuce saboda naɗe ta da ake yi tamau, mai ita ya maye gurbinta da wata mai wat 30. Tana caji idan kwamfutar na hutawa, amma lokacin aiki mai nauyi ba ta isa, sai batir ya cike giɓin, ya sauka ya hau, yana ƙara ɗumi. An koma mai wat 65. Wayar USB-C ma tana da nata sharaɗi: ta gama-gari amfiya 3 take ɗauka, wato wat 60, abin da ya wuce haka sai waya mai amfiya 5 da ke da ɗan guntun tantancewa a kanta.

Ramin cajin ya yi sako-sako, amma da aka haska sai aka ga zare ne ya taru a ƙasansa ya hana kan wayar shiga sosai. An ciro shi da siririn tsinken roba. An yi sa'a, domin ramin a liƙe yake da dalma a babban fanel, musanya shi aikin gwani ne. Agogon da ke komawa baya kuwa ƙaramin batirin BIOS ne mai bolt 3 ya mutu. An auna shi ya nuna ƙasa da 2, aka sa sabo. An liƙa sababbin ƙafafun roba. Madannai sun yi sheƙi, harafi biyu sun goge, amma duk suna aiki, aka bar su.

Bayan gyara

An maimaita awon farko a ɗaki ɗaya da manhaja ɗaya. Zafin hutu ya sauko tsakanin digiri 42 da 48, fanka ma takan tsaya gaba ɗaya. A aiki mai nauyi ya tsaya wajen 80, gudun furosesa bai sake faɗowa ƙasa da na asali ba. Sabon batir ya kai awa shida a aikin ofis idan an cika shi. RAM na tsayawa wajen kashi 60 da shafuka iri ɗaya a buɗe.

An kuma canza yadda ake zama da ita, in ba haka ba shekara uku masu zuwa za su maimaita na baya. A tebur an ɗora ta kan mazauni mai ɗaga ta, da madannai da linzami na waje. Iska tana shiga ta ƙasa sosai, hinji yana hutawa, saman fuskar ya zo daidai da ido, wuyan mai ita ma ya samu sauƙi. A kan katifa sai da faranti mai tauri a ƙarƙashinta. Kafin a sa ta a jaka, Hibernate ake yi mata, wato ta adana aikin a ma'aji ta yanke wuta, ko a kashe ta, domin kwamfutar da ke barci kawai takan farka a cikin jaka ta gasa kanta ba iska. Buɗe murfi daga tsakiya. Share fanka sau ɗaya a shekara, ko duk wata shida inda ƙura ta yi yawa. Sabon man ɗaukar zafi bayan shekara biyu zuwa uku, ko duk lokacin da awo ya nuna zafi ya haura da digiri 10 a aiki iri ɗaya. Rahoton batir duk wata uku. Bayanai kuma kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam, tunda SSD ba ya yin ƙara ko gargaɗi irin na tsohon faifai mai juyawa kafin ya mutu.

Akwai abin da gyaran bai taɓa ba, kuma an faɗa wa mai ita. Hasken fuskar ya ragu da shekaru, ba zai dawo ba sai an musanya ta. Babban fanel ya sha zafin shekara uku, ba wanda zai iya auna abin da hakan ya rage wa ƙananan sassansa. Furosesa a liƙe take, ba ta canzuwa. Gam ɗin hinji zai iya saki wata rana. Abin da ya sa aikin ya cancanci yi shi ne duk sassan da suka gaji a wannan kwamfuta masu kwancewa ne: batir da sukurai aka ɗaure shi, RAM da SSD suna da gurbi, masana'anta sun wallafa littafin gyara, kayan kuma suna samuwa. A laftof da yawa masu siranta, RAM a liƙe take da fanel, wasu har da ma'aji, batir kuma da gam aka manna shi. Da irin wannan ce, matsalar gigabait 8 kaɗai ta isa ta kawo ƙarshenta. An shawarci mai ita cewa idan fanel ko ramin caji ya mutu nan gaba, kada ya sake kashe mata kuɗi, ya cire sabon SSD ɗin ya kai shi kwamfuta ta gaba, wadda zai duba littafin gyaranta kafin ya saya.